Fanka a Maimakon Fo

Ishaku mai walda ya yi shekara ashirin da bakwai yana haɗa ƙofofi da tagogi a Sabon Garin Keffi, da wani baƙin gilashin 'yan gayu a fuska a matsayin kariya. Mun yi masa faɗa har mun gaji. Da ya haura hamsin idon ya tafi, ba duka ba, yana gane mutum yana gane ƙofa, amma rubutu sai dai a karanta masa. Ni maƙwabcinsa ne a Gangaren Tudu, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ban taɓa zama da mai zurfin ciki irinsa ba. Ko gidansa ne ke cin wuta, in ka gaishe shi "lafiya lau" zai ce.

Bara da azumi matarsa Humaira ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. 'Yarsu ɗaya, Zahra, ta zo daga Jos inda take aure, ta yi wata biyu tana jinya, dole ta koma. Kafin ta tafi ta saita masa wayarsa. Ya danna gefe ya yi magana da Turanci, wata muryar mace ta nemo kayan a kasuwar intanet ta karanta masa, in ya amince a kawo har ƙofar gida. Turancinsa na gareji ne, amma ya isa. Da haka ya sayi auduga, safar hannu, ledar shimfiɗa a katifa, da man shafa wa gyambon kwanciya, ba tare da ya bar Humaira ita kaɗai ko na minti goma ba. Wata rana ya ce mini, "Yarinyar nan ta cikin waya ta fi ku duka. Ba ta tambayata me zan yi da abu."

Abin da ya gagare shi shi ne kai Humaira banɗaki. Shi yake ɗaukarta, sau huɗu sau biyar a yini, da bayan da walda ta riga ta cinye. Sau biyu suna faɗuwa tare. Na biyun ne ya bar mata ƙulu a goshi, kuma a satin ne wanta Uwais ya zo dubiya daga Agwada. Ya dubi goshin, ya ce Juma'a mai zuwa zai dawo da mota, in abin bai canza ba zai tafi da ita gida inda akwai mata. Shekararsu talatin da ɗaya da aure, kuma Ishaku ya san in ta tafi ta tafi ke nan. Ita ma ta sani, don da hannun mai lafiyar ta riƙe masa riga tana kuka.

Nas ɗin da ke zuwa wanke gyambo ta ce masa akwai fo na marasa lafiya da ake turawa ƙarƙashin mutum yana kwance, babu ɗauka babu faɗuwa. Ta faɗa masa sunansa da Turanci, bedpan. Da ya leƙo ta katanga ya gaya mini, da na zagaye Keffi da kewaye a ranar. Amma ina, Ishaku ba zai buɗe baki ya ce wa namiji matarsa na bukatar fo ba. Ranar Asabar ya danna waya ya ce "bed fan". Muryar ta maimaita masa, ya ji daidai abin da ya faɗa, ya ce yes. Mu dai a bakinmu haruffan nan biyu, p da f, abu ɗaya ne, haka muka tashi.

Alhamis da hantsi aka kawo kwali. Ya buɗe, ya lalluba da yatsu, ya ji fukafukai. 'Yar fanka ce mai caji, da maƙalin da ake kama ta a jikin gado.

Ihunsa na jiyo ta katanga. "Bed fan na ce! Bed fan!" Na shiga babu sallama, na same shi durƙushe a tsakar gida, gumi ya jiƙa masa riga, wayar kuma tana ta jero masa fankoki kala-kala. A nan ya gaya mini komai, ni kuma na balbale shi da faɗan da har yau nake nadamarsa. Na karɓi wayar da isa, ni da na yi ritaya a ƙaramar hukuma, na matse leɓe na faɗa. Ni ma fanka ta ba ni. Sai na kira Lovelyn mai gyaran gashi da ke haya a gidan gaba.

Ta ce, "Baba Zahra, me ya sa ba ka faɗa mini tun tuni ba? Mama na ma ta yi amfani da shi." Sau ɗaya ta faɗa, muryar ta gane. Amma sai Litinin za a kawo.

Na hau acaɓa na bi kyamis-kyamis har la'asar. Wani ya ce ya ƙare, wani ya ce sai ya aika Abuja, wani ya miƙo mini fo na yara. Na dawo hannu rabbana, ban iya kallon fuskarsa ba.

Bayan sallar Juma'a Uwais ya iso da mota da matarsa. Ban taɓa ganin Ishaku yana roƙon mutum ba sai ranar. "Yaya Uwais, kwana uku kawai. Wallahi yana hanya. Tsaya ka ji da kunnenka." Ya danna wayar, muryar ta karanto ranar kawowa da Turancinta mai sanyi.

Uwais ba mugu ba ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ishaku, ni goshin ƙanwata na gani. Ka yi haƙuri." Mu uku muka ɗauke ta zuwa mota, sai da matar Uwais ta ɓamɓare yatsunta daga rigarsa.

Litinin kafin azahar kwalin ya zo. Ya shafa abin ciki da waje, ya ce shi ne. Ko abinci bai ci ba ya rungume shi ya nufi tashar motar Agwada, yana ce mini yau da ita zai dawo, tunda dalilin ya kau. Na share masa ɗakin, na canza zanin gado.

Da yamma ya sauko daga acaɓa shi kaɗai, babu kwali. Na tambaye shi yaya. Ya daɗe yana laluben makulli a aljihu kafin ya amsa.

"Sun yi godiya ƙwarai. An gwada, ya yi daidai, yanzu ba sai sun ɗaga ta ba. Yaya Uwais ya ce tunda ta samu sauƙin kwanciya, babu dalilin a sake wahalar da ita a mota."