Kalar Murfin Akwati

A shekarun da dokar hana fita ke kora mu gida tun la'asar, ina da rumfar kafinta a unguwar Lamisula. Aiki ya yi ƙaranci; wanda ke kwana da takalmi a ƙafa ba ya sayen gado.

Wata safiya wata tsohuwa ta zo da murfin akwatin katako naɗe cikin lafayarta. Daga wani ƙauye na bakin Tafkin Chadi ta gudo, murfin nan kaɗai ta tsira da shi, don da shi ta kare kanta daga rana a hanya. Akwatin na ɗanta ne, wanda tun ranar gudun ba a ji ɗuriyarsa ba.

"Ɗana, ka yi masa gindi," in ji ta da Hausarta mai gardin Barbarci. "Kala ɗaya nake so. In ya dawo, kada ya gane an taɓa masa kaya."

Haɗa gindin bai ci mini rai ba. Kalar ce ta kai ni bango. Na dama garin fenti ja da ruwan ƙasa, na ɗiga baƙi, na sirka da tina mai tsinka fenti, ina gwadawa a guntayen katako. Yana jiƙe sai ka rantse ya yi, da ya bushe sai ya tona mini asiri. Ni kuwa mutum ne mai saurin fushi, har gwangwani na yi jifa da shi.

Ina share zufa da murfin a cinyata sai hancina ya gaya mini abin da idona ya kasa. Hayaƙin bandar kifi ne ya dafa katakon shekara da shekaru, ba wani mai fenti ba. Na shafa wa gindin kala mara ƙarfi, na kai shi kasuwar kifi ta Baga Road, na roƙi wani mai banda ya rataye mini shi a saman murhunsa. Sojojin shingen hanya sun sha leƙa shi suna mamakin akwati wofi.

Da ya nuna, na goge shi da mai, na ɗora murfin. Ko ni ban ga maraba ba, kuma na ji daɗi ƙwarai.

Tsohuwar ta zo ta durƙusa, tana shafa shi daga sama zuwa ƙasa. Ta daɗe. Ina jiran sa albarka, sai na ga hawaye.

"Ya yi, ɗana. Ya yi fiye da kima," ta ce. "Amma yanzu ban san inda hannun yarona ya tsaya ba."

Tausayinta ya kama ni. A ranar na gane ta daina jiransa.

Na ɗauko samfefa na zauna kusa da ita, na shiga kankare gindin har farin katakon ya fito. Tana riƙe da murfin a ƙirjinta har na gama.