Fuskar da Ban Zana Ba

Shekarar da na nemi shiga sashen zane na kwalejin fasaha muna zaune a Nassarawa GRA, cikin gidan gwamnati mai faɗin fili da itatuwan mangwaro. Lokacin kuɗin man fetur ne. Albashi ya ƙaru, motoci sun cika titi, kuma duk wanda ke ƙauye ya tuna yana da ɗan'uwa a Kano. Gidanmu ba ya rabuwa da baƙi, daga mai neman aiki sai mai zuwa asibiti sai mai jiran jirgin Makka. Akwai kuku, amma maigidana ba ya cin tuwon namiji, don haka ni ce kullum a bakin murhu, ga yaro yana jan zanina, ga goyo a baya.

Tun ina sakandare nake zane. Ni ke fitar wa 'yan ajinmu fure a rigar filo, bayan aure kuma mata suka riƙa aiko mini da hula in zana musu kafin su ɗinka. Burina shi ne in koyi zanen atamfa, irin wanda masaƙu ke bugawa, wata rana in ga mace ta wuce da aikin hannuna a jikinta. Na daɗe ina yi wa maigida naci kafin ya amsa.

Ya ce, "Sau ɗaya. In kin ci jarrabawar shiga, zan ɗauko ƙanwata ta riƙe yara. In ba ki ci ba, a rufe maganar."

Na ce na yarda.

Shi ya kawo mini manhajar jarrabawar, 'yan takardu da aka buga da tafireta, tawadar duk ta kode. Ina jin Turanci, amma wannan ba irin wanda aka koya mana ba ne. Sai na tsallaka shingen furanni zuwa wurin maƙwabciyata, wata Kirista 'yar kudancin Zariya da ke koyar da zane a makarantar 'yan mata. Malama nake ce mata, ita kuma Hajiya take kirana, ko da yake a lokacin ban je Makka ba.

Na zube mata zanen hulunana ina jiran yabo. Ta duba ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Hajiya, hannunki na da kyau. Amma wannan ado ne, kuma ado kashi ɗaya ne kawai a cikin abin da suke so."

Ta ɗauko buta ta ɗora a kan tebur ta ce in zana. Na zana nan da nan, na yi mata baki zagaye kamar faifai.

"Daga inda kike zaune, haka bakin yake?"

"Bakin buta ai zagaye ne, Malama."

"Wadda kika sani kenan. Ni wadda kike gani nake so."

Na sake dubawa, sai na ga bakin ya miƙe kamar ƙwai a kwance. Shekara da shekaru ina alwala da buta ban taɓa kallonta ba. Daga nan ta shiga koya mini haske da inuwa, da yadda abin da ke nesa yake ƙanƙancewa, da yadda ake miƙa hannu a rufe ido ɗaya a auna tsawon abu da fensir.

Ba ni da wani lokaci sai tsakanin azahar da la'asar, bayan an kwashe kwanukan rana, kafin a ɗora na dare. Ina zama wani baƙo zai aiko a ba shi ruwan wanka. Ina dawowa in tarar yaro ya cinye rabin kilinar da nake goge zane da ita. Takarduna duk warin albasa suke, wasu har da tabon manja. Sau da yawa barci ke sace ni a kan tebur, fensir a hannu, sai kiran salla ya tashe ni. Duk da haka, kafin damina ta yi nisa ina iya zana tulu har mutum ya ji kamar ya sa moɗa a ciki.

Sai muka kai shafi na ƙarshe na manhajar. Malama ta karanta ta fassara mini ba tare da ta ɗago kai ba: za a zaunar da mutum a gabanmu mu zana shi.

Na tashi a gidan da ake cewa duk wanda ya zana abu mai rai, ranar gobe za a ce ya hura masa rai. Ko a makaranta in an zo zanen tsuntsu, reshen nake yi in bar wurinsa. Na gaya mata. Ta ce, "Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Ki tambayi malamanku, ni ba zan ce miki komai a kai ba."

Maigida ya ɗauki abin da wasa. "To hotonki da aka manna a takardar neman shiga fa?"

Na ce, "Wancan inji ne ya ɗauka, ba hannuna ba."

Ya ce, "Je ki wajen Baffa, ku kun fi kusa."

Baffa ƙanen mahaifina ne, yana karantar da littattafai a zaurensa a cikin birni. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya yi murmushi.

"Wato sai sun ga hanci za su yarda kin iya?"

Sannan ya gyara zama ya ce itace da tukunya ba laifi. Mai rai kuwa, malamai sun yi saɓani. Abin da shi ya riƙe shi ne, in aka bar surar ba kai ko ba fuska, ba ta cika sura ba. "In larura ce, akwai masu sassauci, 'yata. Amma ke kika san ko larura ce."

Da ma cewa ya yi haram ne, ko halal, da na huta. Na dawo gida ina auna maganar. Ina da ci, ina da sha, ina da rufin asiri. So ne kawai nake yi, so mai tsanani, kuma ban san a wane ma'auni ake ɗora shi ba.

Na fara gwadawa da Baba mai gadi, wani dattijo daga wajen Gumel da ke wuni a kan benci a bakin ƙofa da rediyonsa. Na zana hularsa, da ninkin rigarsa, da jijiyoyin bayan hannunsa. Tsakanin hula da wuyan riga na bar fari. Ya karɓa ya juya takardar.

"Hajiya, ina fuskar tawa?"

"Tana wajenka, Baba."

"To madalla. Da ma ba abin kallo ba ce. Amma rigar nan ta fi tawa sabunta."

Da na nuna wa Malama, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce hannuwan nan ko ita iyakarta kenan. "Amma masu duba takarda ba su san Baffanki ba. Cewa za su yi ba ki iya ba. Ko 'yar inuwa ki sa a gurbin ido mana."

Na ce zan duba. Har ranar jarrabawa ban gama dubawa ba.

Zauren cike yake da samari, mata ba mu da yawa, mai aure kuwa ina jin ni kaɗai ce. Da safe aka ajiye mana tulu da ƙwarya da wani ƙyalle, na yi su hankali kwance. Zanen atamfa kuwa har na ji daɗinsa. Bayan azahar aka shigo da wani masinja aka zaunar da shi a kujera, ya ƙura wa bango ido. Na fara daga ƙafa na hau sama. Na yi takalminsa, da gwiwar wandonsa da ta kode, da aljihun da biro ya ɓata. Na yi hula. Na kai fensir wurin ido, na riƙe shi a nan, hannuna bai sauka ba.

Mai kula da mu ya zo wucewa ya tsaya. Ya sa yatsa a farin wurin ya ce, "Akwai sauran lokaci."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Na ajiye fensir na zauna. Ban ji kamar na yi wata bajinta ba. Nono ya cika yana yi mini zogi, bayana ya riƙe, tunanina duk yana kan jaririyar da na bari a gida.

Da sakamako ya fito, a allo aka liƙa sunaye. Maigida ya biya ta can daga ofis. Ya shigo ya cire takalmi, ya ci abincinsa, sai da ya wanke hannu sannan ya ce, "Babu."

Ba a bayyana inda mutum ya faɗi. Wataƙila fuskar ce, wataƙila kuma akwai waɗanda suka fi ni ko da na zana ta. Malama ta shigo washegari ta zauna a bakin gado, ta karɓi jaririya tana jijjigawa, ba ta ce na gaya miki ba.

Bayan 'yan kwanaki ina yi masa gugar kaftani, maigida ya tsaya a ƙofa yana kallona. Shi da ya ce a rufe maganar, shi ya buɗe ta.

"In kina so ki sake baɗi, ki sake. Na ga wahalar da kika sha."

Na juya kaftanin na kama ɗaya hannun. Na yi tunanin wata shekara ta azahar zuwa la'asar, da wani mutum da za a sake zaunarwa a kujera.

Na ce, "Baɗi ma zai zo da fuskarsa. A bari kawai, Allah ya sa haka ne ya fi alheri."

Ya ce amin, sannan ya fita masallaci.