Ranar da Baba Ya Nemi Tazarce

Ko zan manta komai na zamanmu a birnin Greensboro na Amurka, ba zan manta ranar da Babana ya nemi tazarce ba. Har yau in na tuna sai dariya ta kama ni, daga baya kuma tausayi ya biyo baya.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu ne na ɗauko Baba daga Maraɗi ya dawo wurina. Tsohon malamin Turanci ne, mai son a saurare shi, ni kuwa aikin asibiti ba ya barina zama. Da na ga zaman kaɗaici zai illata shi, sai na kai shi cibiyar tsofaffi, wadda muke ce wa Senta. Kafin shekara ta zagayo ya san sunan kowa da ciwon kowa. Da aka tashi neman wanda zai wakilci birni a kwamitin da ke tafiyar da Senta, sai aka ba shi kujerar. Daga ranar mutanenmu suka daina ce masa Alhaji, sai Wakili. Duk Talatar da za a yi mitin sai na goge masa babbar riga.

Kuma tsakani da Allah ya yi aiki. Shi ya sa aka fara dafa abincin da babu naman alade, shi ya sa motar Senta ta riƙa shiga gidajen hayar High Point Road tana ɗauko tsofaffinmu. Sai dai kujerar tana da ƙa'ida: wa'adi biyu, ka sauka, a kawo wani. Baba ya sani sarai, amma ya ɗauka irin dokar nan ce da ake rubutawa don ado.

Abin dariyar shi ne, a shekarar ake ta rikicin tazarce a gida, kuma duk shagon da muke sayen kayan miya babu mai zagin tazarce kamar Baba. Zai tsaya tsakanin buhunan shinkafa yana kaɗa sanda: "Mutum ya ƙare mandansa, wa'adi ya cika, ya sauka mana! Kujerar gadon ubansa ce?" Ana haka sai nasa wa'adin na biyu ya zo ƙarshe.

Na ce, "Baba, ashe kai ma sauka ta zo."

Ya harare ni. "Ke, wannan daban ne. Ni ba nema zan yi ba. Jama'a ce za ta roƙe ni."

"Wace jama'a?"

"Wadda za ki dafa wa shinkafa."

Ashe ya gama tsara komai da amininsa, wani Malam direban tasi ɗan Kano. Malam zai jagoranci tawaga zuwa mitin ɗin ƙarshe, ya roƙi Wakili ya zarce. Baba zai ƙi. A sake roƙo, ya sake ƙi. Sai a na uku ya sunkuyar da kai ya karɓa, don darajar jama'a. A wurinmu ai dattijo ba ya miƙa hannu tun karon farko.

Ranar muka shiga ɗakin mitin da manyan riguna da kulolin abinci, ƙamshin turare ya cika ko'ina. Shugabar kwamitin, wata tsohuwar Ba'amurkiya mai kiwon kaji a McLeansville, ta ɗauka walimar bankwana muka kawo, sai murna take yi. Malam ya miƙe ya yabi Baba da Turancinsa na tasi, har wasu tsofaffi suna share hawaye, sannan ya ce jama'a ta taru tana roƙon kada Wakili ya sauka.

Shugabar ta cire tabarau. Ta ce dokar ta birni ce, ba tasu ba, amma tun da mutane sun zo da yawa haka, kwamiti zai iya neman birni ya duba. Sai ta juya wurin Baba. "Kai fa, kana son ci gaba?"

Baba ya gyara riga, ya dafa ƙirji, ya ce, "A'a, a'a. Na tsufa, na gaji. A ba wani."

Wallahi kafin ya rufe baki ɗakin ya ɗauki tafi. Shugabar ta ce ba ta taɓa ganin mutum mai sauƙin kai irinsa ba, ta rungume shi, ta wuce zuwa batu na gaba, wato rufin kicin da ke yoyo. Malam ya zabura zai yi roƙo na biyu, ta ce masa cikin fara'a lokacin jin bakin jama'a ya ƙare, amma shinkafar nan tana ƙamshi.

Baba ya karkato wurina ya raɗa mini, "Ba za su sake roƙo ba?"

Na ce, "Baba, nan sau ɗaya ake tambaya."

Sai da na cusa mayafina a baki don kada dariya ta kuɓuce mini. Malam kuwa da ya ga ta ƙare, ya ja kula ya zauna.

A mota ne dariyar ta tsaya. Baba yana kallon hanya ya ce, "Yanzu ranar Talata wa zan sa wa riga?" Nan na gane ba mulki yake kwaɗayi ba. Tun da mahaifiyarmu ta rasu, wannan ɗakin ne kaɗai wurin da ake jiran zuwansa. Tausayinsa ya kama ni.

Da Talata ta zo na goge rigar kamar kullum, na kai shi. Ya zauna a kujerun baya tare da sauran tsofaffi, ya ɗaga hannu ya yi wa sabon wakilin gyara tun kafin bawan Allah ya gama gaisuwa. A shago kuwa zagin tazarce ya ƙaru, don yanzu yana da hujja: "Ni nan da kuke gani an roƙe ni, na ce a'a!"

Abin da ranar ta koya mini biyu ne. A ƙasar nan in kana son abu, ka faɗa tun tambayar farko. Kuma in na ga tsoho ya riƙe kujera ƙam, na daina saurin yi masa dariya. Sai na fara tambayar ko akwai mai jiransa a gida in ya sauka.