Shaidar Zur da Na Yi wa Bappa Ishaya

Shekarar da aka sauke tutar Bature aka ɗaga tamu na zo Jimeta neman aiki. An yi mini baftisma a ƙauyenmu, amma ko baƙi ɗaya ban sani ba. Wani dattijo manomi, Bappa Ishaya, ya ba ni ɗaki a gidansa, don cocinmu ɗaya. Ina dako a bakin kogi, ina cin tuwon matarsa, Dada Hannatu.

Wata rana na sauke wa wani ɗan kwangila kaya kusa da kotu. Ya ce, "Kai Kirista ne ko? Zo ka dafa littafinku ka ce ka ga lebura ya ɗauki sumintina." Ban ga kome ba. Na ce ina tsoron rantsuwa. Ya yi dariya ya ce, "Ka iya karanta shi? Littafin da ba ka san abin da ya ce ba, ta ina zai kama ka?"

Ni kuma jaki, na yarda. A kotu Musulmi sai ya yi alwala kafin ya taɓa Alƙur'ani, mai tsafi yana tsoron ƙarfen da zai rantse da shi. Ni aka miƙo mini Littafi Mai Tsarki na dafa kamar ina dafa bango. Aka ɗaure leburan, aka ba ni riga. Daga nan na bar dako, shaidar zur ta zama sana'ata. Masu zama ƙofar kotu suka sa mini suna Gani-da-ido.

Sai ɗan kwangilar nan ya sa ido a kan gonar fadamar Bappa da ke bakin Binuwai. Na rantse ina wurin aka sayar masa, a gabana Bappa ya dangwala yatsa. Bappa ya miƙe a kotu ya ce, "Ɗana, kai ne? Da bakin da ka ci tuwona?" Ɗan sanda ya zaunar da shi. Gona ta tafi, ni na sami keke. Tsohon ya koma ƙodago a gonakin mutane, damina biyu ya rasu.

Shekarar da aka raba Arewa jiha-jiha asirina ya tonu. A wata shari'a na ce na karanta takarda kafin in sa hannu. Sabon majistare ya miƙo mini ita ya ce, "Karanta mana." Na riƙe ta a kife. Kotu ta fashe da dariya, aka ba ni shekara huɗu.

A gidan yari na fara ajin yaƙi da jahilci, da na fito na ci gaba a unguwar Ajiya. A hankali, da yatsa nake bin baƙi, har na kai Dokoki Goma. Ga ta nan, dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci. Maƙwabci! Ni a cikin gidan Bappa nake kwana. Na kuma karanta cewa Shaiɗan ne uban ƙarya. Har yau raina yana tafasa, don ko ban iya karatu ba na san ƙarya nake yi. Jahilcin nan mafaka kawai na mai da shi.

Na je na durƙusa gaban Dada Hannatu. Ta ce, "Na yafe, don Ubangiji ya ce a yafe. Amma kuka ba ya noma. Tashi ka je ka gaya wa alƙali."

Na je. Na faɗi gaskiya tun daga farko. Akawun kotu ya saurare ni ya ce, "Gani-da-ido, wanda aka ɗaure don ƙarya, wa zai karɓi maganarka?" Gonar tana hannun 'ya'yan ɗan kwangilar har yau.

Ku samari, kada wani ɗan iska ya ce muku akwai rantsuwar da ba ta kamu. In ba ku gani ba, ku ce ba ku gani ba, ko za a hana ku abinci. Lebura ɗaya ya sha ɗauri a banza. Gona ɗaya ta tafi, tsoho ɗaya ya mutu da baƙin ciki, shekaruna huɗu sun ƙare a bayan bango. Sau ɗaya na kai gaskiya kotu, ba wanda ya karɓa.