Murhun da Na Gina da Karatun Jikata

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, da hannuna na aikata.

Shekarar da aka haƙa mana rijiyar burtsatse a ƙauyenmu na wajen Taura, jikata tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karatun ƙasa da duwatsu. Ta zo daga Dutse ta tare a gindin injin haƙar. Duk sa'ad da bututu ya ƙara nutsewa, sai ta ɗebi abin da ya fito, ta ƙulle a leda, ta rubuta zurfinsa. Ta jera ƙullin a ƙarƙashin gadona.

Na ce, "'Yar nan, karatun da aka tura ki ke nan, kwasar taɓo?"

Ta yi dariya. "Kaka, a cikinsa akwai ƙurar tsirran da suka mutu tun ba kowa a nan. Sai da madubin makaranta ake ganinta. Kowane zurfi da irin ƙurarsa, ita ke faɗar shekarun ƙasar. Jarrabawata ke nan, ki bar mini su yadda suke."

Na ji da kunnena. Amma a zuciyata, ƙasa ai ƙasa ce.

Ta tafi nemo motar da za ta kwashe su. Kafin ta dawo, ruwan sama ya rushe mini murhu. Yumɓu ga shi a ƙarƙashin gado, baƙi, sumul, ba tsakuwa. Na ce in ta zo ta ɗebi wani. Na kwance ƙullin duka, na kwaɓa da ƙaiƙayi, na gina sabo. Ledojin ma na wanke mata su, na shanya.

Da ta shigo, igiyar shanya ta fara gani. Ba ta yi ihu ba. Ta tsuguna gaban murhun, tukunyar tuwo na kansa.

"Kaka, duka?"

"Duka. Mu fasa shi ki kwashe."

"Sun gauraya. Wuta kuma ta cinye."

Na ruga bakin rijiya. An zuba siminti, masu injin sun tafi.

Abokan karatunta suka gama suka bar ta. Ita sai da ta jira wata haƙa a wajen Buji, shekara guda cur, sannan ta fita. Ubanta bai taɓa tayar mini da maganar ba. Murhun yana nan, ko tsagewa bai yi ba. In ta zo tana cin tuwonsa, tana tsokanata kamar da. Amma ba ta sake ajiye komai a ɗakina ba.