Dashen albasar da na je nema Ibohamane

Liman na sallame sallar asuba muka bar Madawa, ni da wani abokina a kan babur ɗinsa, da buhu biyu wofi ɗaure a baya. Ban ɓoye muku ba, tafiyar dole ce. Bara ƙwari sun cinye mana garkar albasa, ganye ya yi fari-fari ya kwanta. Yayana ya ce in bana ma haka ta faru, zai ba da garkar haya, ni kuwa in koma bida, wato ci-rani, Abijan. An ce mini a Ibohamane akwai dashe mai ganye shuɗi-shuɗi wanda cuta ba ta kusanta, kuma a garinmu kowa ya yarda cewa duhun ganye shi ne ƙarfinsa.

Hanyar Buza ta jijjiga mu har haƙora. Mun tsaya kusa da Deule muka ci kwaɗon zogale, mai sayarwar ta zuba yaji kamar muna da tsohuwar gaba da ita. Abokina na hawaye yana neman ƙari. Daga nan sai hawa da gangara, fako jajir, duwatsu jere a gonaki don tare ruwa. Da muka gangara kwarin Keita, kore ya buɗe a gabanmu, sai da na yi kabbara.

A kasuwar Ibohamane na gan shi! Dashe shuɗi mai toka-toka, tsaye ƙyam, ya fi na kowa tsada. Har na kwance bakin buhu, sai wata tsohuwa mai sayar da dashe a gefe ta yi dariya. Nata kore ne fatau mai sheƙi, irin wanda muke tugewa mu ba awaki.

“Ɗana, launi kaka saye ko albasa?” in ji ta. “Taho garka ka gani da idonka.”

Na bi ta don kunya kawai. Fangali biyu ta nuna mini, rijiya ɗaya ke ba su ruwa. Ta tsuguna ta buɗe wuyan mai shuɗin, inda ganye ke haɗuwa. Ƙwari ƙanana ne cike, suna ta gudu. Ta buɗe na fatau ɗin, sai ɗaya ko biyu. Na buɗe goma da hannuna, ina ihu ina kiran abokina ya zo ya gani.

“To Inna, ashe fatau shi ne magani?”

“A'a, kak ka ɗora mini abin da ban ce ba. In ruɓa ta zo, duka biyu takan kashe. Ƙwarin ga dai sun fi son mai toka. Kuma wani duhun, angire ne, takin zamani, anka watsa mishi kwana ukku kahin kasuwa.”

Ta ba mu fura mai sanyi, na sayi dashenta fatau, ta naɗe mana shi a jiƙaƙƙen buhu, ta ce kada mu bari ya kwana biyu.

La'asar sakaliya muka shigo gida, ƙura har cikin kunne. Yayana ya leƙa buhun, fuskarsa ta canja. “Don wanga abincin awaki ka ƙone essansin babur har Keita?” Na ja shi wurin ɗan dashen da ya shuka da kansa, wanda yake alfahari da duhunsa. Na buɗe masa wuyan guda, sai ga ƙwari cike. Ya daɗe a tsugune. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, shekara da shekaru muna kallon albasa daga tsaye, alhali sai an durƙusa ake ganin halinta. Ko fatau ɗin zai kai mu girbi, Allah ne masani. Amma yayana ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya ce in aika wa mai son hayar cewa garka ba ta fita bana. Shi da kansa ya ɗauki fartanya ya fara ja mini fangali.