Zuciyar Sannu-Sannu, Mai Gyaran Keken Ɗinki

A layin teloli, shago na huɗu daga bakin titi, akwai wani mai gyaran keken ɗinki da kowa ke kira Sannu-Sannu. Ya samo sunan ne tun yana ɗan shekara tara, don duk inda yara suka ruga shi ne na ƙarshen isowa. Ga sharaɓa manya kamar na ɗan ƙwallo, amma in ya faɗi sai ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu kafin ya miƙe. Innarsa ta san wannan tafiyar, irin ta ƙanenta ce, wanda yara ke kira Kawu.

A asibiti aka ce ciwon lalacewar tsoka ne, ana gadonsa ta wajen uwa, ya fi kama maza, amma nasa irin mai tafiyar hawainiya ne. Da ya girma, in ana maganar sai ya ce, "Kun ji, har ciwon nawa ma sunana gare shi."

Kawu ne ya koya masa gyara, don aiki ne na zaune. Ya koya masa sauraron keke kafin ya taɓa shi, har ya zamana daga ƙarar kawai yana gane ko bel ne ya saki ko mai ne ya bushe. Kawu na da shekara arba'in da ɗaya, wata rana ana cikin hira, ya dafe ƙirji ya kife a kan benci. Aka ce zuciya ce, ba wanda ya ƙara tambaya. Benci da akwatin sukuddireba suka zama na Sannu-Sannu.

Aurensa kuwa har yau ana ba da labarinsa a layin. Wata tela mai ɗinkin kayan yara ta kawo masa kekenta sau uku cikin wata ɗaya. A na ukun ya duba ya ga wani noti an kwance shi da hannu, har da shatin filaya a jiki.

"Malama, wa ya kwance wannan?"

"Wa ya sani? Ƙila iska ce."

Ya ajiye sukuddireba ya gaya mata gaskiya: ƙafafun nan ba za su daɗe suna ɗaukarsa ba. Ta ce, "Ai tafiyarka na fara gani kafin fuskarka, Injiniya. Ɗaure min notina." Shekarar ba ta ƙare ba aka ɗaura aure. Yana kiranta Babbar Tela, tana kiransa Injiniya, suka haifi 'ya mace ɗaya.

Yana da shekara talatin da huɗu ya koma keken guragu. Cikin mako guda ya maƙala masa faifan ajiye kayan aiki da ƙararrawar keken hawa. Da safe in teloli suka ji ƙilin-ƙilin, sai su janye kujeru daga hanya, wani ya ce, "A ba Injiniya hannu!"

Sannu-Sannu mutum ne mai labari, in ya fara ba ya son a katse shi. Shi ya sa da ya kai talatin da takwas, Babbar Tela ta lura da abin da ba wanda ya lura: shi da kansa yake katse labarinsa yana jan numfashi. Ga ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Ya ce girkinta ne ya karɓe shi. Ba ta yi dariya ba. Ta sa kwaɗo a shagon, ta tura shi har asibiti yana ta mita a hanya.

Likitar zuciyar mace ce, mai magana a hankali. Ta shafa masa wani mai sanyi a ƙirji, ta ɗora na'ura, sai ga zuciyarsa a allo tana buɗewa tana rufewa. Ta ƙaro sauti. Ya karkata kai ya saurara, kamar yadda yake yi wa keke.

"Likita, injin nan yana jan ƙafa."

"Kunnenka bai yi ƙarya ba," in ji ta. "Mutane na mantawa zuciya ma tsoka ce. Kowace ƙwayar tsoka tana da tantani siriri da ya lulluɓe ta, daga ciki kuma akwai wani sinadari da ke riƙe tantanin ya ƙarfafa shi. A jikinka sinadarin nan bai cika ba. To zuciya ba ta hutu. Duk bugu ɗaya, tantanin yana ɗan tsagewa. Ta tsagar sai sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki fiye da kima, ya illata ƙwayar har ta mutu. Inda ta mutu tabo ne ke fitowa, shi kuwa tabo ba ya matsawa. Sauran ƙwayoyin su ɗauki aikinsu da nata, su ma su gaji, zuciyar ta saki ta yi faɗi."

Babbar Tela ta ce, "Wato kamar yadi mara shafi, ana ta ja kullum."

"Kusan haka. Kuma tunda ba ya tafiya balle ya yi haki, abin kan daɗe yana ci ba a sani ba. Tabon da ya riga ya fito ba zan iya goge shi ba. Amma akwai magungunan da ke rage wa zuciya nauyi, su rage mata gudu, sauran ƙwayoyin su daɗe. Kun zo a kan lokaci."

Kafin su fita ta ƙara da cewa 'yan'uwansa mata ma a kawo su, don mace na iya ɗaukar abin, ƙafafunta lafiya lau, amma ya taɓa mata zuciya. 'Yarsu ma za a riƙa duba ta in ta tasa.

Kwana uku ba a ji ƙararrawa a layin teloli ba. Yana zaune a tsakar gida yana kallon hannayensa, yana tuna yadda Kawu ya kife a kan benci ba wanda ya taɓa sauraron ƙirjinsa. A rana ta huɗu ya ce a kai shi wajen Yaya.

Yaya ita ce babbarsu, tana sayar da zare da maɓallai a farkon layi, muryarta kuwa har ƙarshen layin ana jinta. Da ta ji abin da ya kawo shi ta tafa hannu.

"Ni? Ni da nake hawa bene da buhun zare a ka? Kai dai sha maganinka, ƙanena."

Ya ja birki a ƙofar shagonta, ya tare hanya kaf. Duk mai son zare sai ya kaɗa masa ƙararrawa ya ce, "An rufe, mai shago za ta asibiti." Kafin azahar ta yafa mayafi tana cewa tun yana goye yake da taurin kai.

Aka samu zuciyarta ita ma ta fara taɓuwa, kaɗan ne, bai kai ta ji a jikinta ba. Da suka dawo, suna isowa bakin layi ta dafa kansa ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Nan take kuma ta ƙara, "Amma tawa ta fi taka kyau a hoto."

Daga nan suka shiga gasa. Kullum da safe sai ta ƙwala masa kira daga shagonta, "Ka sha?" ya amsa da ƙararrawa sau biyu. Likita ta ce su rage gishiri, ita ce kuwa ta fara kama shi da ƙullinsa a cikin akwatin kayan aiki, ta kai ƙara wajen Babbar Tela. Shi kuma ya kama ta tana ƙara wa miyarta a ɓoye, ya shelanta wa layi gaba ɗaya. Kumburin ƙafafunsa ya saɓe, takalmi ya shiga. Duk wata shida suna zuwa tare, suna gardama a layin jira har ma'aikaciyar jinya ta san su. Akwai shekarar da ƙarfin bugun nasa ya ɗan ragu, aka canza magani, ya tsaya a nan.

Yanzu yana da arba'in da shida. Hannayensa sun fara nauyi, don haka manyan notuna Babbar Tela ce ke kwancewa, shi yana ba da umarni, ita tana cewa ta daɗe da iyawa. A watan jiya wata mota ta tsaya a bakin layi, sai ga likitar ta fito rungume da tsohon keken ɗinkin hannu na mahaifiyarta, ta ce tsohuwar ta ƙi yarda a saya mata sabo. Ya buɗe shi ya ga tsatsa da ƙura, ya girgiza kai.

"Likita, ki bar min shi kwana biyar. Kuma ki gaya wa Mama ta daina zuba masa man girki."

Likitar ta yi dariya har da riƙe ciki. Yaya ta aiko da kujera da shayi, teloli suka taru ana ta gaisawa, ba ta bar layin ba sai da aka auna ta za a ɗinka mata riga.